Selahattin Demirtas: Yadda ake sabunta tsare shi duk lokacin da kotu ta ce a sake shi

Bayan tsakar dare, wayewar garin 4 ga Nuwamba 2016, 'yan sandan Turkiyya suka buga ƙofar gidan Selahattin Demirtas a birnin Diyarbakir, suka yi awon gaba da shi. A wannan daren aka bi sawun 'yan majalisa 12 na jam'iyyarsa ta HDP mai kare muradun Kurdawa a garuruwa daban-daban, ciki har da Figen Yuksekdag, wadda suke shugabancin jam'iyyar tare. A lokacin HDP ce ta uku a yawan kujeru a majalisar dokokin ƙasar. Dalilin da aka bayar shi ne sun ƙi amsa gayyatar masu gabatar da ƙara domin ba da bayani. Daga Diyarbakir aka wuce da Demirtas gidan yarin Edirne da ke bakin iyakar Girka da Bulgeriya, tazarar da ta haura kilomita 1,500 daga inda matarsa da 'ya'yansa mata biyu suke zaune. A Nuwamban 2025 ya cika shekara tara cur a can.

A cikin waɗannan shekaru sau uku Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai tana yanke hukunci cewa tsare shi ya saɓa doka kuma da manufar siyasa aka yi shi: a 2018, da 2020, da kuma 2025. Kotun Tsarin Mulkin Turkiyya ita ma ta taɓa cewa an tauye masa haƙƙi. Duk da haka, har zuwa Nuwamban 2025 bai fito ba. Wanda yake son ya gane yadda hakan ke yiwuwa a ƙasar da ta rattaba hannu kan yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, sai ya bi ranakun da aka fitar da kowace takardar tsarewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan kuma sai ya san abin da ya faru a zaɓen Yunin 2015, domin daga can ƙurar ta taso.

An haifi Demirtas ranar 10 ga Afrilu 1973 a Palu da ke lardin Elazig, a gidan Kurdawa masu magana da harshen Zaza, ya kuma tashi a Diyarbakir, birni mafi girma a yankin Kurdawan Turkiyya. Ƙuruciyarsa ta zo daidai da lokacin da yaƙi ya yi ƙamari tsakanin sojojin gwamnati da ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawa ta PKK, wadda ta ɗauki makami a 1984, yaƙin da ya ci rayuka kusan 40,000. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa jana'izar Vedat Aydin ce ta sa shi cikin siyasa. Aydin shi ne shugaban jam'iyyar Kurdawa ta HEP reshen Diyarbakir. A Yulin 1991 wasu da suka ce su 'yan sanda ne suka ɗauke shi daga gida, bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa, ranar jana'izar kuma jami'an tsaro suka buɗe wa masu rakiyar gawa wuta, mutane da dama suka mutu. Demirtas yana da shekara 18 a lokacin.

Ya karanta shari'a a Jami'ar Ankara, ya dawo Diyarbakir ya yi aikin lauya, ya shiga Ƙungiyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turkiyya har ya shugabanci reshenta na birnin. Aikin wannan reshe ya ta'allaƙa ne ga iyalan waɗanda aka ɗauke suka ɓace, da ƙauyukan da aka ƙona aka tashi mutanensu, da waɗanda aka azabtar a hannun hukuma. Daga nan ya shiga majalisa a 2007.

Hanyar da ya bi ya shiga majalisar tana buƙatar bayani. Bayan juyin mulkin soja na 1980 an kafa doka cewa duk jam'iyyar da ba ta samu kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ba, ba ta da kujera ko ɗaya, kome yawan ƙuri'ar da ta ci a wani lardi. Ƙuri'unta sun tafi a banza, kujerun kuma a raba wa jam'iyyun da suka tsallake. A zaɓen 2002 jam'iyyar Kurdawa ta wancan lokaci, DEHAP, ta samu sama da rabin ƙuri'un Diyarbakir, amma a ƙasa baki ɗaya kashi 6 da ɗoriya ta tsaya. Sakamakon shi ne AKP ta Recep Tayyip Erdogan, da kusan kashi 16 kacal a lardin, ta kwashe kujeru 8 daga cikin 10. Dabarar da Kurdawa suka samo ita ce su tsayar da mutanensu a matsayin 'yan takara masu zaman kansu, tunda dokar kashi 10 ba ta hau kansu ba, idan sun shiga majalisa sai su haɗu su kafa rukuni, wanda ke buƙatar mutum 20. Dabarar tana aiki, sai dai da asara. Ɗan takara mai zaman kansa ba shi da tambarin jam'iyya a takardar ƙuri'a. Dole a yanka birni unguwa-unguwa, a ce wa waɗannan ku zaɓi wane, waɗancan ku zaɓi wane. Idan ƙuri'a ta yi wa ɗaya yawa rarar ta lalace, idan lissafi ya kuskure kaɗan sai a rasa kujera. Ta wannan hanya suka samu kujeru 22 a 2007, da 36 a 2011.

Ga kuma rufe jam'iyyu. Kotun Tsarin Mulki ta rufe HEP a 1993, da DEP a 1994, da HADEP a 2003, sannan DTP, jam'iyyar da Demirtas ya fara zama ɗan majalisarta, a Disamban 2009. A 1994 an cire wa 'yar majalisar Kurdawa Leyla Zana da abokan aikinta rigar kariya, aka yanke musu shekara 15, suka yi goma a ciki. Saboda haka a lokacin da aka zaɓi Demirtas shugaban sabuwar jam'iyyar BDP a farkon 2010, yana da shekara 36, ya san sarai abin da ya sami waɗanda suka riga shi zama a wannan kujera.

Abin da ya bambanta shi da su shi ne ya iya magana da Turkawa. Yana da fara'a da saurin mayar da amsa, yana kaɗa saz, garayar mutanen Anatoliya, a gidan talabijin, kuma idan yana jawabi yakan taɓo albashin leburori da kisan mata da tsadar rayuwa kamar yadda yake taɓo batun harshen Kurdawa a makarantu. Jam'iyyar HDP da aka kafa a 2012 an gina ta ne a kan wannan manufa: ta zama jam'iyyar Turkiyya duka, ta haɗa Kurdawa da masu ra'ayin gurguzu na Turkawa da ƙungiyoyin mata da ƙananan ƙabilu da mabiya Alawiyya. Kowane muƙami mutum biyu ke riƙe shi, mace da namiji. A zaɓen shugaban ƙasa na Agustan 2014, inda Erdogan ya yi nasara da kashi 51.8, tsohon babban sakataren Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi Ekmeleddin Ihsanoglu ya zo na biyu, Demirtas ya samu kashi 9.8, ƙuri'a kusan miliyan 4. Wannan adadi ne ya ba HDP ƙarfin gwiwar yin abin da mutane da yawa suka ɗauka ganganci ne: ta shiga zaɓen majalisa na 2015 da sunanta da tambarinta.

Lissafin a fili yake. Majalisar tana da kujeru 550 a lokacin. Da 276 ake kafa gwamnati, da 330 ake kai gyaran tsarin mulki ga ƙuri'ar raba gardama, da 367 kuma ake zartar da shi kai tsaye. Erdogan yana son a mayar da ƙasar tsarin shugaba mai cikakken iko. A lardunan kudu maso gabas AKP ce ke bin bayan jam'iyyar Kurdawa, don haka da HDP ta tsaya a kashi 9.9, da akasarin kujerunta sun faɗa hannun AKP. Ranar 17 ga Maris 2015 Demirtas ya hau mumbarin taron 'yan majalisar jam'iyyarsa, ya yi jawabin da bai wuce 'yan mintoci ba, ya maimaita magana ɗaya sau uku yana nufin Erdogan: ba za mu bar ka ka zama shugaba mai wannan iko ba. Wannan jawabi ya kawar da zargin da 'yan adawar Turkawa ke yi cewa Kurdawa sun yi ciniki da Erdogan a bayan fage, su ba shi iko ya ba su wani abu a teburin sulhu tsakanin gwamnati da PKK. Ya kuma mayar da Demirtas abokin gaba na ƙashin kai ga mutumin da ya fi kowa ƙarfi a ƙasar.

Erdogan ya shiga yaƙin neman zaɓen da kansa, duk da cewa tsarin mulkin lokacin ya ce shugaban ƙasa ba ya ɓangaranci. A garuruwan Kurdawa ya riƙa ɗaga Alƙur'ani mai fassarar Kurdanci a bainar jama'a, domin akasarin Kurdawa Musulmi ne 'yan Sunna mabiya mazhabar Shafi'iyya, da yawansu kuma AKP suke zaɓa. Kwana biyu kafin zaɓe bam ya tashi a gangamin HDP a Diyarbakir, daf da lokacin da Demirtas zai hau mumbari, mutane suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Ya roƙi jama'a su kwantar da hankali su rama a akwatin zaɓe. Ranar 7 ga Yuni HDP ta samu kashi 13.1, ƙuri'a sama da miliyan 6, kujeru 80. AKP ta sauko zuwa 258, ta rasa rinjaye a karon farko tun 2002.

Watanni biyar da suka biyo baya sun rushe komai. Tattaunawar kafa gwamnatin haɗaka ta watse. Ranar 20 ga Yuli ɗan ƙunar baƙin wake na ƙungiyar IS ya kashe matasa 33 a Suruc. Bayan kwana biyu aka kashe 'yan sanda biyu a gidansu a Ceylanpinar, aka ɗora wa PKK alhaki, jiragen yaƙi suka koma yi wa sansanoninta luguden wuta, shirin sulhun da aka fara a 2013 ya mutu. An kai wa ofisoshin HDP hari a garuruwa da dama, har da hedikwatarta a Ankara. Ranar 10 ga Oktoba tagwayen bama-bamai suka kashe sama da mutum 100 a wani gangamin neman zaman lafiya a bakin tashar jirgin ƙasa ta Ankara, HDP ta soke manyan tarukanta. A sabon zaɓen 1 ga Nuwamba AKP ta dawo da kujeru 317, HDP ta sha da ƙyar da kashi 10.8 da kujeru 59.

A nan akwai abin da dole a faɗa game da Demirtas kansa, domin masu sukarsa ba duka ne 'yan koren gwamnati ba. A ƙarshen 2015 matasa masu alaƙa da PKK sun haƙa ramuka sun kafa shingaye a unguwannin Sur da Cizre da Nusaybin da ke yankin Kurdawa, suna shelar cin gashin kai. Sojoji suka shigo da tankoki, aka kafa dokar hana fita ta makonni da watanni, unguwanni suka zama kufai. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum kusan 2,000 suka mutu, tsakanin 355,000 zuwa rabin miliyan kuma suka rasa matsuguni. Demirtas ya yi kira ga PKK ta tsagaita wuta, amma a Disamban 2015 ya tsaya ya kare batun cin gashin kai da kalaman da mutane da yawa suka fassara a matsayin goyon bayan masu ramukan. Turkawan da suka ara masa ƙuri'a a Yuni sun ji an yaudare su, talakawan Sur da suka rasa gidajensu kuma sun ji babu wanda ya tare musu faɗa. Gaskiyar magana ita ce HDP da PKK a rijiya ɗaya suke ɗiban magoya baya, kuma martabar Abdullah Ocalan, wanda ya kafa PKK da aka ɗaure a tsibirin Imrali, a zukatan waɗannan mutane ta sa babu shugaban jam'iyyar Kurdawa da zai yi masa tawaye a fili ya tsira da kujerarsa. Demirtas ya taɓa cewa a 2012 za su kafa wa Ocalan mutum-mutumi, maganar da har yau ake goranta masa. Wannan rauni ne na siyasa, kuma masu zaɓe sun hukunta shi a kansa da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da suka janye. Ko ya kai laifin da za a ɗaure mutum shekara 42, kamar yadda aka yanke masa a 2024, wannan ita ce tambayar da kotuna suka fuskanta.

Matakin farko shi ne cire rigar kariya. Sashe na 83 na tsarin mulkin Turkiyya ya ba ɗan majalisa kariya iri biyu. Ta farko, ba a tuhumarsa a kan abin da ya faɗa a zauren majalisa, ko da ya maimaita shi a waje. Ta biyu, ba a kama shi ko gurfanar da shi sai majalisa ta amince, kuma a ƙa'ida ana duba takardar kowane mutum daban, a saurari bahasinsa, yana kuma da damar kai ƙara Kotun Tsarin Mulki. Ranar 20 ga Mayu 2016 majalisa ta tsallake duk wannan da gyaran wucin gadi guda ɗaya, wanda ya tuɓe kariyar duk wanda ke da takardar tuhuma a ajiye zuwa wannan rana. Ƙuri'a 376 aka samu. Shugaban babbar jam'iyyar adawa ta CHP na lokacin, Kemal Kilicdaroglu, ya ce gyaran ya saɓa wa tsarin mulki amma za su goyi bayansa, don gudun kada a ce suna kare 'yan ta'adda. Gyaran ya shafi 'yan majalisa 154 daga duk jam'iyyu, ciki har da 55 daga cikin 59 na HDP, kuma 'yan HDP ne aka kwasa zuwa gidan yari a watan Nuwamba, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci bayan yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yuli.

Masu gabatar da ƙara suka tattara takardun bincike 31 suka haɗa su a tuhuma ɗaya mai shafi kusan 500, suna neman a ɗaure shi tsakanin shekara 43 zuwa 142. Kusan duk hujjojin jawabai ne da ya yi a taruka da hirarraki da 'yan jarida. Dokar Turkiyya tana da jerin manyan laifuka da idan an tuhumi mutum da ɗaya daga ciki, alƙali na iya ɗauka cewa akwai dalilin tsare shi, kuma a shari'ar ta'addanci tsarewar kafin hukunci tana iya kaiwa shekara bakwai. Da wannan aka riƙe shi a lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 16 ga Afrilu 2017, wadda ta ba Erdogan tsarin da yake so da kashi 51.4 kacal. Mutumin da ya fi kowa iya jan jama'a su ce a'a yana Edirne a kulle.

A zaɓen shugaban ƙasa na 24 ga Yuni 2018 ya tsaya takara daga ɗakin kurkuku, domin ba a yanke masa hukunci ba tukuna. Yakan rubuta saƙo a takarda, lauyoyinsa su fita da shi su wallafa a Twitter. Gangaminsa ɗaya ya yi shi ne ta wayar tarhon da aka ba fursuna damar bugawa gida: ya kira matarsa Basak, ta buɗe lasifika, aka ɗauki muryarsa aka watsa. 'Yan mintocin da doka ta ba kowane ɗan takara a gidan talabijin na gwamnati, TRT, a cikin gidan yarin aka naɗi nasa. Da haka ya zo na uku da kashi 8.4, ƙuri'a sama da miliyan 4, HDP kuma ta sake tsallake shingen kashi 10. A kurkukun ne ya fara rubuta littattafai. Tarin gajerun labaransa na farko, Seher, ya fito a 2017, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama.

Yanzu ga jerin ranakun. Ranar 7 ga Satumba 2018 wata kotu a Istanbul ta yanke masa shekara 4 da wata 8 kan yi wa ta'addanci farfaganda, saboda jawabin da ya yi a bikin Newroz, bikin sabuwar shekarar Kurdawa, na Maris 2013, wato a daidai lokacin da gwamnati da kanta take tura 'yan jam'iyyarsa tsibirin Imrali su gana da Ocalan. Ranar 20 ga Nuwamba 2018 kotun Turai ta ce a kawo ƙarshen tsarewar. Erdogan ya ce hukuncin bai hau kansu ba, za su mayar da martani su gama aikin. Ranar 4 ga Disamba, mako biyu kacal, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin shekara 4 da wata 8. Hukuncin Turai ya shafi tsarewar jiran shari'a ne, shi kuwa yanzu ya zama fursuna mai cin sarƙa, don haka gwamnati ta ce babu abin da ya rage a aiwatar.

Ranar 2 ga Satumba 2019, kwana 16 kafin babban zauren kotun Turai ya saurari ƙarar, kotun Ankara ta ba da umarnin a sake shi a babbar shari'ar. Bai fita ba saboda wancan hukunci, amma lauyoyin gwamnati sun samu abin faɗa a Strasbourg, mazaunin kotun Turai. Lauyoyinsa suka nemi a cire kwanakin da ya riga ya yi daga shekara 4 da wata 8 ɗin. Ranar 20 ga Satumba kotu ta amince, abin da ya sa ya cancanci a sake shi bisa sharaɗi. A wannan ranar wani alƙali a Ankara ya sa hannu a sabuwar takardar tsare shi da Yuksekdag a kan zanga-zangar Kobani ta 2014. Kamar ƙofa ce mai sakata da yawa, ba a zare ɗaya sai an riga an tura wata. Zanga-zangar nan tana cikin tuhumar farko tun 2016. Sunan laifin kawai aka canza.

Maganar Kobani ita ce mafi nauyi a duk shari'ar, kuma akwai jini a cikinta. A Oktoban 2014 mayaƙan IS sun yi wa garin Kobani na Kurdawan Siriya ƙawanya, ana hango hayaƙin daga tsallaken iyaka, tankokin Turkiyya na tsaye ba su motsa ba, an kuma hana masu son kai ɗauki wucewa. Daren 6 ga wata shafin HDP na Twitter ya yi kira ga jama'a su fito tituna su nuna adawa da harin IS da kuma takunkumin da gwamnati ta sa wa garin. Washegari Erdogan ya ce Kobani na daf da faɗuwa. Tarzoma ta ɓarke a birane da dama, aka yi arangama tsakanin masu zanga-zanga da jami'an tsaro, da kuma tsakanin magoya bayan PKK da na jam'iyyar Huda-Par ta Kurdawa masu ra'ayin Musulunci. Takardar tuhuma ta lissafa mutum 37 da suka mutu. Wanda sunansa ya fi fita shi ne Yasin Boru, yaro ɗan shekara 16 da aka yi wa kisan gilla a Diyarbakir tare da abokansa suna rabon naman layya. Wannan kisa abin takaici ne da babu mai hankalin da zai kare shi, an kuma yi wa waɗanda ake zargi da aikata shi shari'a daban, aka yanke wa da dama ɗaurin rai-da-rai. HDP tana cewa akasarin sauran mamatan magoya bayanta ne, kuma duk lokacin da ta nemi majalisa ta kafa kwamitin bincike, ƙuri'un masu rinjaye ke kashe buƙatar. Akwai kuma wani abin lura. Bayan tarzomar, Turkiyya ta bar dakarun Peshmerga na Kurdawan Iraƙi suka ratsa ƙasarta zuwa Kobani, kuma ranar 28 ga Fabrairu 2015 ministocin gwamnati suka zauna da 'yan majalisar HDP a fadar Dolmabahce a gaban kyamarori ana karanta matakan sulhu. Wata huɗu bayan abin ya faru, gwamnati ba ta ɗauki shugabannin HDP a matsayin masu kisa ba.

Ranar 22 ga Disamba 2020 babban zauren kotun Turai ya yanke hukunci na ƙarshe. Ya ce saƙonnin Twitter ɗin ba su wuce iyakar maganar siyasa ba kuma ba kira ne ga tashin hankali ba. Ya ce kotunan Turkiyya ba su ma duba ko jawabansa na cikin waɗanda sashe na 83 ya kare ba. Ya kuma samu Turkiyya da saɓa sashe na 18 na yarjejeniyar, wanda ya hana amfani da doka domin wata ɓoyayyiyar manufa, sashen da ba kasafai kotun ke samun wata ƙasa da laifi a kansa ba. Manufar a nan, in ji kotun, ita ce murƙushe bambancin ra'ayi da toshe muhawarar siyasa. Ta ce tsarewar 2019 ci gaban ta farko ce, a sake shi nan take. Bayan kwana takwas mai gabatar da ƙara na Ankara ya miƙa sabuwar tuhuma mai shafi 3,530 a kan mutum 108, yana neman a yanke wa kowannensu ɗaurin rai-da-rai mai tsanani sau 38.

An fara shari'ar a Afrilun 2021 a wani zaure da ke cikin harabar gidan yarin Sincan. Ranar 16 ga Mayu 2024 aka yanke hukunci: Demirtas shekara 42, Yuksekdag shekara 30 da wata 3, dattijon ɗan siyasar Kurdawa Ahmet Turk shekara 10. A cikin 42 ɗin, 20 na taimakawa wajen ruguza haɗin kan ƙasa ne, 4 da rabi na tunzura jama'a su aikata laifi, ragowar kuma akasari farfaganda ce a jawabai daban-daban da aka tara aka haɗa. Kotun ta wanke shi da sauran waɗanda ake tuhuma daga laifin kisa, har da na Yasin Boru. Shekara goma ana kiransa mai kisan kai a kan mumbarin siyasa, a daren da Erdogan ya ci zaɓen 2023 taron magoya bayansa har yana rera kiran a rataye shi, amma kotun Turkiyya da kanta ba ta same shi da jinin kowa ba. A ra'ayinmu wannan kaɗai ya isa nuna cewa kalamai ake ɗaure wa, kuma kalaman da aka riga aka ce suna cikin haƙƙinsa.

Mai tambaya zai ce, ina ƙarfin hukuncin Turai? Sashe na 46 na yarjejeniyar ya wajabta wa ƙasashe bin hukuncin kotun, sashe na 90 na tsarin mulkin Turkiyya kuma ya fifita yarjejeniyoyin kare haƙƙi a kan dokokin cikin gida idan suka ci karo. Sai dai kotun ba ta da ɗan sanda. Kwamitin ministocin Majalisar Turai, wadda daban take da Tarayyar Turai, shi ke bibiyar aiwatarwa, yana zama sau huɗu a shekara a kan irin waɗannan shari'u, yana fitar da ƙuduri. Babban makaminsa shi ne ya mayar da ƙasa gaban kotu kan ƙin biyayya, kamar yadda ya yi wa Turkiyya a 2022 a shari'ar ɗan kasuwa kuma ɗan fafutuka Osman Kavala, wanda duk da haka aka yanke wa ɗaurin rai-da-rai. Abin da ya rage bayan wannan shi ne dakatar da ƙasa ko korarta, ƙasashen Turai kuwa suna buƙatar Turkiyya a kan 'yan gudun hijira da ƙawancen NATO da yaƙin Yukren.

Bai kamata a kalli Demirtas shi kaɗai ba. Tun daga 2016 gwamnati ke tsige zaɓaɓɓun magadan gari na Kurdawa tana naɗa kantomomi. Daga ƙananan hukumomi 65 da HDP ta ci a 2019, an naɗa wa 48 kantoma. A 2021 aka shigar da ƙarar neman rufe HDP, abin da ya sa ta shiga zaɓen 2023 a inuwar wata jam'iyya, daga baya ta rikiɗe zuwa DEM. A wannan zaɓen Demirtas ya mara wa Kilicdaroglu baya daga kurkuku, mutumin da jam'iyyarsa ta taimaka aka cire masa rigar kariya. Da aka sha kaye sai ya soki yadda jam'iyyarsa ta gudanar da yaƙin neman zaɓe, ya ce ya jingine siyasar yau da kullum. A Maris 2025 kuma aka kama magajin garin Istanbul, Ekrem Imamoglu, ɗan takarar shugaban ƙasa na CHP.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne sabon shirin sulhu. A Oktoban 2024 Devlet Bahceli, shugaban jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta MHP kuma abokin ƙawancen Erdogan, wanda ya daɗe yana neman a rufe HDP, ya yi kira ga Ocalan ya rusa ƙungiyarsa. Ocalan ya amsa ranar 27 ga Fabrairu 2025, PKK ta sanar da rusa kanta ranar 12 ga Mayu, a watan Yuli kuma mayaƙa 30 suka ƙona bindigoginsu a kusa da Sulaimaniyya a arewacin Iraƙi. Demirtas ya goyi bayan shirin a rubuce-rubucen da yake aikowa. Gwamnati tana tattaunawa da wanda ya kafa ƙungiyar mai makami, wanda ya nemi iko ta akwatin zaɓe kuwa yana kulle. Masu nazarin siyasar Turkiyya da dama suna danganta hakan da lissafin ƙuri'a: tsarin mulki bai ba Erdogan damar sake tsayawa ba sai majalisa ta kira zaɓe kafin lokaci ko an yi gyara, duka biyun kuma suna buƙatar aƙalla ƙuri'a 360 daga cikin kujeru 600 na yanzu, adadin da ƙawancensa bai kai ba, ƙuri'un DEM kuma za su iya cike giɓin. Demirtas a waje, da farin jininsa da tarihin abin da ya yi a 2015, zai iya canza yadda wannan ciniki zai kaya.

Ta fuskar doka, hanyar sakinsa a buɗe take. Zuwa Nuwamban 2025 hukuncin shekara 42 bai zama na ƙarshe ba, domin akwai kotun ɗaukaka ƙara ta yanki, sannan kotun ƙoli ta ɗaukaka ƙara, kuma kafin su gama, matsayinsa na wanda ake tsare da shi ne, wanda alƙalan da ke riƙe da takardun za su iya saki da umarni ɗaya. Ɗaukaka ƙarar ma ta yi jinkiri saboda kotun Ankara ta ɗauki wata 13 kafin ta fitar da rubutattun dalilan hukuncinta, masu shafi sama da 32,000. Ranar 8 ga Yuli 2025 kotun Turai ta sake cewa tsarewar da aka fara a Satumban 2019 ba ta da tushe kuma ta siyasa ce. Turkiyya ta nemi a kai maganar babban zaure, aka ƙi buƙatar ranar 3 ga Nuwamba, hukuncin ya tabbata. Washegari, ranar da Demirtas ya cika shekara tara a tsare, Bahceli ya shaida wa 'yan jarida cewa sakinsa zai zama alheri ga Turkiyya, lauyoyinsa kuma suka miƙa wa kotun ɗaukaka ƙara ta Ankara sabuwar takardar neman a sake shi.